Reza a Mina da Iyakar Tawakkalin Matafiyi

Ranar 10 ga Zulhajji, kafin hantsi ya dubi ludayi, hanyoyin da suka fito daga wurin jifa a Mina sun riga sun cika maƙil da mazaje cikin harami. An kwana a Muzdalifa, an jefi Jamratul Aƙaba da tsakuwa bakwai, an yanka hadaya ko an wakilta mai yankawa. Abin da ya rage wa namiji kafin ya tuɓe fararen mayafan nan biyu ya sa rigarsa shi ne aski. A 2024 alhazai sama da miliyan 1.8 ne suka tsaya Arfa, kuma fiye da rabinsu maza ne. Ke nan kawuna kusan miliyan guda ke neman aska a wuri ɗaya, cikin yini ɗaya ko biyu.

Hukumomin Saudiyya sun san da haka, shi ya sa suka tanadi wuraren aski masu lasisi, inda ake ɓare sabuwar reza a gaban kowane alhaji, a jefar da ita da zarar an gama. Sai dai layi dogo ne, rana na dukan ƙeya, ƙafafu sun yi tsami da tafiya. A gefen hanya ga masu askin bayan fage, kowanne da gorar ruwa da guntun sabulu, suna kiran "Hajji, Hajji!" A cikin tanti kuma ba a rasa mai son lada a ayari, wanda zai zaro reza ɗaya daga jaka ya ce wa na kusa da shi, "Alhaji, sunkuyo in sauke maka, mu huta da layin nan." Ya aske na farko, ya ɗauraye rezar da ruwan gora, ya kama na biyu, har mutum biyar ko shida. Fatar kan da ta sha zafi da gumi ba ta da wuyar ƙwarzanewa. Ɗigon jinin da ke tsattsafowa a bayan kunne ko a tsakar ka, babu mai kula shi, domin kowa murnar sauke farali yake yi.

Likitoci kuwa wannan ɗigon suke tsoro. Ƙwayar da ke haddasa ciwon hanta nau'in B tana bin jini ne, da saduwar mace da namiji, sannan daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa. Tana iya kwana bakwai ko fiye da ranta a bakin reza, ko a wuƙar mai yankan farce, ko a ƙahon wanzami, ko da jinin ya bushe har ido ba ya ganinsa. Ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kama mutum sau 50 zuwa 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a jiki, miliyan 65 daga cikinsu a Afirka, kuma a shekarar kaɗai ta yi ajalin kimanin miliyan 1.1, galibi ta hanyar ƙanƙancewar hanta ko kansar hanta. A cikin kowane mutum 100 masu ɗauke da ita, 13 ne kawai suka san halin da suke ciki.

Akwai allurar rigakafinta, ta fi shekara 40 ana yi. Amma ba ta cikin jerin alluran da Saudiyya ta sharɗanta wa maniyyata. Ta sanƙarau dole ce a kan kowa, ta cutar shawara da ɗigon shan inna dole ne a kan waɗanda suka fito daga ƙasashe irin su Najeriya da Nijar. Ta ciwon hanta kuwa likitoci kwaɗaitarwa kawai suke yi, babu jami'in da zai tsayar da mutum a filin jirgin Jidda ko na Madina ya nemi shaidarta. Nan tambayar take: abin da hukuma ba ta tilasta ba, shin addini ya ɗora wa matafiyi wani nauyi a kansa, ko kuwa tawakkali ya wadatar?

Amsar da aka fi ji a bakin maniyyaci sananniya ce. "Ɗakin Allah za ni, me zai same ni? Abin da aka rubuta ba makawa sai ya samu bawa." Maganar ba ta jahilci ba ce. Tushenta rukuni ne na imani, yarda da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Ita ce ta fitar da kakanni daga Kano da Katsina da Damagaram a ƙafa da kan jakuna, suka ratsa Borno da Wadai da Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, wasu su shekara bakwai ko goma kafin su ga tekun Maliya a Sawakin. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. Mutanen da suka gaji irin wannan ƙarfin zuciya ba za a tsorata su da reza ba. Sai dai a duba ko abin da suke kira tawakkali shi ne abin da magabata suka kira da wannan suna.

Tun zamanin Annabi (SAW) aka fara wannan muhawara, kuma a kan aikin Hajji aka fara ta. Abdullahi ɗan Abbas ya ba da labarin wasu mutanen Yaman da ke fitowa Hajji ba guzuri, suna cewa su masu dogaro da Allah ne, amma da sun iso Makka sai su koma roƙon mutane. A kansu ne aya ta sauka a Suratul Baƙara tana umartar mahajjata da yin guzuri. Abin lura a labarin shi ne inda nauyin ya faɗa. Mai cewa ya dogara da Allah bai kwana da yunwa ba, aljihun wasu alhazai ne ya ciyar da shi. Annabin da kansa, ranar da zai yi hijira, ya ɗauki hayar ɗan jagora wanda ya san hanya, ya nufi kudu alhali Madina na arewa, ya kwana uku a kogon Sauru. A yaƙin Uhudu sulke biyu ya sa. Balaraben da ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara da Allah, umartarsa aka yi ya ɗaure ta tukuna.

Labarin da ya fi kusa da batun matafiyi da cuta shi ne na Halifa Umar ɗan Haɗɗabi. Wajen shekara ta 18 bayan hijira, daidai da 639 miladiyya, ya kama hanyar Sham. Da ya isa wani wuri da ake kira Sargu, sai kwamandojin rundunar Musulmi suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a ƙasar, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas. Umar ya tara Muhajirai ya nemi shawararsu, suka rabu biyu. Ya tara Ansaru, su ma suka rabu. Dattawan Ƙuraishawa ne suka haɗu a kan a koma. Da ya yi shelar komawa, Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk gefen da ya kora raƙumansa, bai fita daga ƙaddara ba, amma zaɓin nasa ne. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya sanar da su cewa ya ji Annabi ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana waɗanda ke ciki fita don gudunta.

Umar ya koma Madina. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, annobar ta ɗauke shi, ta ɗauke Mu'azu ɗan Jabal da Yazidu ɗan Abi Sufyan da dubban mutane. Ba wanda ya taɓa cewa Umar ya gaza Abu Ubaida imani, ba kuma wanda ya zargi Abu Ubaida da ganganci. Amma hukuncin da Abdurrahman ya kawo yana da fuska biyu, kuma mutane sun fi riƙe ta farko. Hana shiga kariya ce ga matafiyi. Hana fita kuwa kariya ce ga mutanen da zai je ya tarar a gaba.

Malamai sun daɗe suna kai kawo a kan yaɗuwar cuta, domin akwai hadisin da zahirinsa ke kore ta, akwai kuma waɗanda suka yi umarni da nisantar kuturu da hana haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya. Irin su Ibnus Salah da Imam Nawawi sun daidaita su da cewa cuta ba ta da ikon kanta na tsallakawa, amma Allah ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kamar yadda ya sanya wuta sababin ƙuna. A Andalus, bayan baƙar annobar 1348, wazirin Garnaɗa Lisanuddin Ibnul Haɗib ya rubuta cewa abin da ido ya gani ya tabbatar da yaɗuwar cuta ta tufafi da kwanuka da jiragen ruwan da ke zuwa daga garuruwan da ta kama. A ƙasar Hausa ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ba a yi masa gorin sanin tauhidi, ya bar rubuce-rubuce da dama a kan magani da kiwon lafiya. Riƙon sababi ba baƙon abu ba ne da ya shigo da zuwan Turawa.

Tarihin Hajjin kansa cike yake da wannan darasi. A 1865 kwalara ta kashe dubban alhazai a Makka, masu komawa gida suka ɗauke ta zuwa Masar, daga can ta haye Turai. A shekarar da ta biyo baya aka yi babban taron ƙasashe a Istambul a kan lamarin, daga bisani aka kafa wuraren killace alhazai a tsibirin Kamaran da kuma Ɗur a Sina'i. Wani nau'in ƙwayar kwalara ma sunan Ɗur yake ɗauke da shi har yau, domin a can aka gano shi a 1905. Sanƙarau ya ɓarke a Hajjin 1987, sai aka wajabta allurarsa. Wani sabon nau'insa ya sake ɓarkewa a 2000 da 2001, ya bi alhazai har gidajensu a ƙasashe da dama, sai aka wajabta allurar da ke tsare nau'i huɗu. Kusan kowane layi a katin rigakafin da maniyyaci ke riƙewa, bayan an haƙa kaburbura aka rubuta shi.

Ciwon hanta nau'in B bai shiga katin ba domin ba ya kisa a bainar jama'a. Kwalara kan kayar da mutum cikin sa'o'i, sanƙarau cikin kwana ɗaya ko biyu, kowa ya gani ya firgita. Ita wannan ƙwaya takan yi wata ɗaya zuwa shida kafin ta nuna alama, in ma za ta nuna. Wani zai ji kasala, fitsarinsa ya yi duhu, idonsa ya yi ɗorawa, a ce shawara ce, a jiƙa masa saiwa. Wani ba zai ji komai ba. Idan ta samu wurin zama, sai ta yi shekara 20 ko 30 tana cin hanta a ɓoye, ranar da ciki ya kumbura ko aka fara aman jini, ba wanda zai tuna da wani aski da aka yi a Mina. Umar labarin annoba ya ji daga bakin waɗanda suka gan ta da idonsu. Matafiyin yau ana neman ya yi hattara da abin da ba ya gani, ba ya ji, kuma mai yiwuwa ne ba zai same shi ba.

A nan mai jayayya yana da hujjar da ya kamata a saurara. Haɗarin kamuwa daga aski guda ɗaya ƙarami ne, mafi yawan alhazai lafiya lau suke dawowa. Shari'a ba ta gina hukunci a kan wahami, kuma ta yi gargaɗi a kan waswasi. Mutumin da zai tsaya lissafin kowane haɗari ba zai taka matakalar jirgi ba. Sannan akwai magabata na gari da suka zaɓi haƙuri da ciwo suka bar magani, Imam Gazali ma ya tattauna halinsu, bai ce sun yi saɓo ba. In mutum na da damar barin maganin cutar da ta riga ta kama shi, ina ga rigakafin wadda ba ta zo ba?

Hujjar tana da ƙarfi muddin mutum shi kaɗai zai ɗauki sakamakon zaɓinsa. Da wannan cuta ba haka abin yake ba. Baligin da ya kamu, sau da yawa garkuwar jikinsa kan kore ta cikin 'yan watanni, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunar musu. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa kuwa, kusan 9 cikin 10 da ita za su rayu. A kwatanta alhajin da ya sauka a Kano ko Yamai, an tarye shi da murna, ya raba dabino da zamzam da tasbaha, garau yake a ido. A makonnin nan da ƙwayar ke ninkuwa a jininsa ba tare da alama ba, ya koma ɗakin matarsa, in mai mata biyu ne ko uku ya zagaya kowane ɗaki. Ɗaya tana da juna biyu. Shi ya warke bai ma san ya yi ciwo ba, ita ta kamu, abin da ta haifa ya tashi da ƙwayar da za ta iya kai shi ga kansar hanta yana tsakiyar ƙarfinsa. Wanda ya yi tawakkalin ya tsira, wanda ba a nemi ra'ayinsa ba shi ya biya.

Wannan shi ne halin mutanen Yaman ɗin nan, ya dawo da wata kama. Ƙa'idar hana cutarwa tana cikin manyan ginshiƙan fiƙihu, tsare rai da tsare zuriya kuma suna cikin abubuwa biyar da malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi suka ce shari'a ta zo ne don kiyaye su. Ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya san bambancin haƙƙin Allah da haƙƙin bayi. Na farko tuba na share shi, na biyu sai mai shi ya yafe, kuma da yawan malamai sun ce ko Hajji karɓaɓɓe ba ya sauke bashin mutane. Mutum na iya yafe nasa haƙƙin na lafiya ya ce ya miƙa lamarinsa ga Allah. Ba shi da hurumin yafe na matarsa, balle na jaririn da bai zo duniya ba.

Akwai kuma wata fuskar da Bahaushe ya kamata ya kalla da idon basira. Yawancin gargaɗin da ake rubuta wa matafiya a kan wannan cuta, a Turai da Amurka ake rubuta shi, don mutanensu masu zuwa Afirka da Asiya. Ƙasashenmu su ne wuraren da ake gargaɗi a kansu. Babban binciken da aka yi gida gida a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar. In aka bi wannan lissafi, jirgin da ya kwashi maniyyata 500 zai iya ɗaukar kimanin 40 masu ita, akasarinsu ba su sani ba. Da yawa tun suna jarirai suka same ta, ko a ƙuruciya ta hanyar askar kaciya, ko tsaga, ko cire beli. Saboda haka rezar tantin nan ba sai ta taɓa kan baƙo daga wata nahiya ba. Mai son ladan da ya fara aske kansa kafin ya aske abokansa, ta yiwu shi ne mafarin.

Shi ya sa gwajin jini ke gaba da allura. Gwaji ne na 'yan mintuna, da ɗigon jini daga yatsa. Wanda aka samu ba ya da ita sai ya yi rigakafi. Wanda aka samu yana da ita, allurar ba za ta amfane shi ba, abin da yake bukata likita ne mai bibiyar hantarsa, kuma akwai magunguna irin su tenofovir da entecavir da ke danne ƙwayar su rage haɗarin kansa, ko da yake ba sa fitar da ita gaba ɗaya. Matasa da yawa ba sa sanin matsayinsu sai ranar da suka nemi aiki a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, aka yi musu gwajin dole, aka ce ba su cancanta ba. Mai ɗauke da ita ba a hana shi Hajji, ba kuma dalilin ƙyamarsa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko haɗa kafaɗa a sahu, ko tari, ko cizon sauro. Ba sai ya yi shela a tanti ba, rufin asiri haƙƙinsa ne. Abin da ke kansa shi ne kada rezarsa ko buroshin haƙorinsa su je hannun wani, ya sanar da iyalinsa a gwada su a yi musu allura, kuma duk jaririn da aka haifa a gidan a yi masa ta farko cikin sa'o'i 24.

Ba za a yi maganar allura a arewacin Najeriya a tsallake zargi ba, kuma zargin yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, a wani gwaji da ya haɗa da yara kimanin 200, inda 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabon na cikin abin da ya sa a 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohi. Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, bayan an kawo wanda aka sarrafa a Indonesiya. Kafin nan cutar ta riga ta tsallaka iyaka, daga baya ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har da Yaman da Indonesiyar kanta a 2005. Yaran da suka shanye a can ba su san da wata muhawara da aka yi a Kano ba.

Maganin zargi a addini bincike ne, kuma wannan allura tarihinta a buɗe yake. Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar ƙwayar a jini a shekarun 1960, aka ba shi kyautar Nobel a 1976, ranar haihuwarsa kuma, 28 ga Yuli, ita ce ranar ciwon hanta ta duniya. Allurar farko ta 1981 daga jinin mutane aka tace ta. Tun 1986 aka koma sarrafa ta da yis, dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi. Babu jinin mutum a ciki, babu ƙwayar cuta mai rai, ɓawon ƙwayar kawai ake kwaikwaya don garkuwar jiki ta gane shi. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, bayan 'yan shekaru aka ga kansar hanta ta ragu a tsakanin yara. Gambiya ta fara nata babban shirin a 1986. Saudiyya kanta ta sa ta cikin rigakafin jarirai a 1989, yawan yara masu ɗauke da ƙwayar ya faɗo daga kusan 7 cikin 100 zuwa ƙasa da 1 cikin shekara goma. Marigayi Shehu Abdul'aziz bin Baz, babban muftin ƙasar, da aka tambaye shi hukuncin shan magani kafin cuta ta zo, ya halatta, ya kafa hujja da hadisin da ya kwaɗaitar da cin dabinon Madina da safe don kariya.

Najeriya ba ta sa allurar cikin rigakafin yara ba sai a 2004. Wannan na nufin kusan duk wanda ya kai shekarun tara kuɗin kujera bai same ta yana yaro ba.

Wani abin da ke nuna inda matsalar take shi ne yadda ake mu'amala da katin rigakafin. An daɗe ana samun masu sayen kati da hatimi ba tare da allura ta taɓa damtsensu ba, har gwamnatin Najeriya ta fito da katin da ake tantancewa ta intanet don toshe wannan kafa. Wanda ya sayi katin bogi ya ɗauki rigakafi a matsayin shingen da ake tsallakewa, ya kuma buɗe tafiyar ibada da shaidar zur. Muddin tsoron jami'in filin jirgi ne kaɗai ke sa mutum ya miƙa hannu, duk allurar da ba a tambaya ba za a yi ta ba. Ta ciwon hanta ta faɗa a wannan rukuni, ba mai tilasta ta sai tunanin mutum game da waɗanda ya bari a gida.

Yanke hukuncin wajibi ko mustahabbi aikin malamai ne, amma ma'aunin da suke aunawa da shi ba ɓoyayye ba ne: a dubi girman cutarwa, da sauƙin kauce mata, da wanda za ta faɗa wa. Cutarwar a nan babba ce, ba ta da maganin warkewa, kuma ta fi faɗa wa marasa ƙarfi. Kauce mata kuwa allura uku ce, wadda ke ba da kariya ta aƙalla shekara 20, wataƙila har ƙarshen rayuwa, da fakitin reza da kowa zai iya sakawa a jakar guzuri. Kuɗin kujerar Hajji daga Najeriya ya haura naira miliyan 8 a 2025. Wanda ya iya wannan, ba kuɗin gwaji da allura ne za su gagare shi ba. Askin ma akwai sauƙi a cikinsa, domin saisaye ya isar, ko da yake aske kan gaba ɗaya ya fi lada, kuma babu littafin fiƙihun da ya ce ladar tana raguwa don an jira layin mai lasisi. Amma ɗora rezar da ta taɓa jinin wani a kan ɗan'uwa, bayan an san abin da take iya ɗauka, wannan da wuya a samu malamin da zai kira shi taimako.

Maganar ba ta tsaya ga alhazai ba. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kantin Kwari da Dubai ko Guwanzu, ɗalibin da zai shekara huɗu a Alƙahira, mara lafiyar da za a kai Indiya tiyata ko wankin ƙoda, direban da ke kwana a hanyar Kwatano ko Agadas, kowannensu na iya samun kansa a hannun mai cire haƙori, ko mai ƙaho, ko a gadon asibiti ana yi masa ƙarin jini bayan haɗarin mota, a wurin da bai san yadda ake tsabtace kayan aiki ba.

Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi suna tara maniyyata bita mako bayan mako, ana koya musu ɗawafi da sa'ayi da jifa. Malaman da ke wannan bita su ne suka fi kowa damar gyara lamarin, domin maganarsu ta fi ta likita shiga kunne. Idan sun zo babin aski, su ƙara da hukuncin reza, su gaya wa kowa ya je a gwada jininsa tun ranar da ya ajiye kuɗin farko. Tsarin da aka saba shi ne allura ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida daga ta farko. Wanda lokaci ya ƙure masa akwai na gaggawa: ranar farko, rana ta 7, rana ta 21, sannan ƙari bayan shekara. Maniyyacin da ya karɓi ta farko a watan Rabi'us Sani zai karɓi ta uku a Shawwal, kafin jiragen farko su fara tashi a Zulƙida.